Garin "daidaita homon": in saya ko in bari?

Tambaya: Anti, al'adata ta rikice kusan wata huɗu, ga kasala, ga yawan jin sanyi, wuyana ma kamar ya ɗan tasa. Wata mai kayan mata a WhatsApp ta ce homon ɗina ne ya hargitse, in sayi garinta kan naira dubu goma sha biyar. In saya? Daga wata baiwar Allah a Argungu.

Amsa: 'Yar uwa, mayar da kuɗinki jaka tukuna. Homon, wato sinadaran da jiki ke ƙerawa don tafiyar da ayyukansa, ba guda ɗaya ba ne da za a ce cokalin gari ya gyara shi. Suna da yawa, kowanne da inda ake ƙera shi a jiki da aikinsa. Alamomin da kika lissafa sun fi karkata ga tayirod, wata 'yar tsoka a gaban wuya mai sarrafa kuzari da ɗumin jiki. Idan ta rasa sinadarin aidin sai ta kumbura, shi ne maƙoƙon da muka sani.

Baligi na buƙatar maikirogiram 150 na aidin a rana, mai ciki kuma 250 (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram). Mutanenmu kan ce ai muna cin kifi, to amma kifin gulbi bai kai na teku aidin ba, komai girman giwan ruwa. Don haka duba gishirin da kike saye. Ki bar na buɗaɗɗen faranti da ke shan rana a kasuwa, ki ɗauki na leda mai lambar NAFDAC da aka rubuta yana da aidin. A gida ki zuba shi a gwangwani mai murfi, nesa da murhu. Ban ce ki ƙara gishiri a miya ba fa, kada mu gyara wuya mu tayar da hawan jini. Rogon da bai jiƙu sosai ba shi ma yana hana tayirod amfani da aidin.

Sai dai juna biyu ma kan kawo irin waɗannan alamomin, ko ƙarancin jini. Wancan kuɗin ki kai shi asibiti a gwada jininki. In tayirod ce ta yi sanyi, akwai ƙwayar da likita ke rubutawa, abinci kaɗai ba zai wadatar ba.

Tambaya: Mahaifina na da ciwon suga. In daina tuwon shinkafa in koma sayen garin alkama na kanti? Daga wani magidanci a Jega.

Amsa: Malam, a Kebbi a ce a bar shinkafa? Da wuya. Kuma alkamar ma sitaci ce, jiki sai ya fitar da insulin, homon da ke rage suga a jini, kafin ya sarrafa ta. Rage malmala daga uku zuwa biyu, ka cika kwano da miyar zogale ko kuka, ka riƙa haɗa shinkafa da wake, don wake na rage saurin hawan suga a jini. Lemon kwalba da shayi mai cokali huɗu na sukari su ne za ka fara sallama. Ka kuma riƙa gwada suganka da safe kafin karin kumallo, ko da sau ɗaya a shekara.