Abin da ya haɗa tsufa, sukari da ciwon daji

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kin tambaya ko ɓata lokaci ne mai son binciken ciwon daji ya tsaya karantar tsufa da yadda jiki ke sarrafa abinci. Ko kaɗan. Ni ma da irin tunaninki na shiga, aikin ne ya gyara min shi.

Shekarata ta farko a ɗakin bincike rainon ƙwayoyin halitta aka ba ni. Ruwan da muke zuba musu ja ne, da sukari a ciki. Na ƙwayoyin daji kwana biyu sun isa ya koma ruwan ɗorawa, na masu lafiya kuwa yana nan da jansa. Na zaci ƙazanta ce ta shiga, har na zubar da kwano uku kafin wata da ta riga ni a aikin ta fahimtar da ni cewa sukarin suke zuƙewa su mai da shi tsami, ko da iskar oksijin ta wadata. Abin da masanin kimiyya Otto Warburg ya gano ke nan a Jamus tun shekarun 1920. Da wannan haɗamar ake kama ƙari a hoton PET, a yi wa majinyaci allurar sukari mai alama, a duba inda ya taru.

Tsufa daga baya ya shigo min. A 1961 wani mai bincike, Leonard Hayflick, ya nuna ƙwayar ɗan Adam takan rabu kamar sau 50 ta tsaya. Na ga irin waɗannan ƙwayoyin da suka tsaya da idona, sun yi faɗi sun baje, in an sa musu rini su yi shuɗi. Tsayawar kariya ce, don wadda ta daina rabuwa ba ta zama daji. Sai dai ba ta saurin mutuwa, tana nan zaune tana fitar da sinadaran kumburi da ke iya ingiza maƙwabtanta su zama daji. Wata mai bincike, Judith Campisi, ta kwashe shekaru a kan wannan. Abinci ma yana da alaƙa da tsufa, don tun 1935 wani mai bincike, Clive McCay, ya ga ɓerayen da aka rage wa abinci sun fi daɗewa a duniya.

Za ki ji ana cewa a hana majinyaci sukari daji ya mutu da yunwa. Wannan maganar tana min ciwo. Hanta tana ƙera sukari da kanta, kuma mai ramewa abinci yake buƙata.

Ki riƙe kimiyyar sinadaran jiki da kyau, ki kuma shirya jira. Ɓeran gwaji shekara biyu zuwa uku yake yi, gwajina na farko a kan tsufa sai da na jira su duka suka tsufa kafin na samu amsa.