Ba a ce wa babba "kin manta"

Ɗana, saƙonka ya iso. Na yi murmushi, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Wai Hajiya ta ɗaure fuska don ka ce mata "kin manta", kana tambaya ina laifin, tunda mantuwa da sha'afa duk ɗaya ne. Ashe har mun kai nan?

A 1973, shekarar da naira ta shigo aka bar fam da sule, Baba ya ɗora mini rinannun zannuwa huɗu daga marinar Ƙofar Mata, ya ce in kai wa mabugi kafin la'asar. A hanya na iske gardawa da kura, an sa mata takunkumi, ganga na tashi, yara sun yi da'ira. Na sauke kayan na zauna a kai. Wallahi ban farga ba sai da aka kira magariba. Gumi ya sa shuni ya kama mini tafin hannu da wando. Haka na koma gida da kayan.

Baba yana kan buzu da carbi. Na ce, "Na manta." Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Mantuwa ita ke zuwar wa mutum. Shagala kuwa, da ƙafarka ka je ka same ta." Da dukana ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Malaminmu na zaure, da muka kai babin rafkanwa a Ahalari, cewa ya yi ita tana da magani: in ka rage, ƙabli, in ka ƙara, ba'adi. Gafala yake tsoro, wai zuciya ce ke barci ido biyu. Kakata kuma takan ce rashin sani ya fi dare duhu, amma mai shi fitila ake miƙa masa, ba faɗa ba.

Sha'afa fa, abin yana nan a ranka, wani abu ne ya gifta ya tare shi. Shi ya sa muke ce wa manya "ƙila an sha'afa". Dattijuwa in ta ji "kin manta", tsufa take ji an goranta mata.

Ku yanzu kai na sunkuye kan waya, ana magana kuna "na'am" ba ku ji ba. Mu ma da laifinmu, ba mu zaunar da ku ba. Ka je wurin Hajiya ranar Juma'a bayan an sauko, ka durƙusa, wayar a aljihu. Farin goro take so.