Kafin ka ci bashin sayen sabon katin hoto, tambayi yaron shagonka me ya taɓa

Wani mai shagon wasan kwamfuta a Tudun Wada ya rubuto min. Kwamfutoci shida gare shi, uku daga ciki sun fara fitar da ɗige-ɗige kore da ja a allo, wani lokacin allon ya yi baƙi ƙirin yara na tsakiyar buga ƙwallo. Ɗan yayarsa da ke kula da shagon ya ce katunan hoton, wato na'urorin da ke zana hoton wasa a allo, sun tsufa, a sayo manya, har ma a riƙa haƙar kirifto, wato samar da kuɗin intanet, da su da dare. Yana tambaya ko ya ci bashi ya sayo uku.

Malam, kada ka ci bashin nan. Amsarka tana cikin wasiƙarka, a layin da ka rubuta kamar ba komai ba: wai yaron ya taɓa "ƙara musu gudu" don wasa ya tafi sumul. Yaushe ya ƙara? Nawa ya ƙara? A kan waɗanne kwamfutoci? Ba ka sani ba, kuma babu takardar da za ta gaya maka. Nan ne ciwonka yake. Ka zuba jarinka a na'urori shida, ka miƙa wa yaro makulli, ba ka ajiye ko littafi ɗaya da zai nuna abin da ake yi musu ba.

Katin hoto yana da memorinsa na kansa, inda yake ajiye hoton kafin ya tura wa allo. Kamfani ya tsayar masa da gudun da ya gwada ya tabbatar. Da manhaja irin MSI Afterburner, yaro zai ja ɗan maɓalli ya haura wannan iyaka. In memorin ya kasa ɗaukar gudun, sai ya fara dawo da bayanai a gurɓace, shi ne ɗigen da kake gani, ko ƙananan murabba'ai, ko bangon cikin wasa ya miƙe kamar an ja roba. Kuma zafi na taya shi. Saitin da ya zauna lafiya a sanyin Disamba ba zai jure zafin Afrilu a shago mai rufin kwano ba, ga ƙurar hunturu ta toshe fanka tun tuni. Manyan katuna masu memori samfurin GDDR6X, irin RTX 3080, ba ma sa yawan nuna ɗige. Suna gano kuskuren su sake tura bayanin, sai yaro ya ga lambar gudun memori na hawa alhali wasan ja da baya yake yi.

Gwajin ba zai ci maka ko sisi ba. Ka zauna kusa da yaron, ka sa ya buɗe Afterburner a gabanka, ka rubuta lambobin da ke wurin kafin ya taɓa komai. Sannan a danna maɓallin mayar da saiti yadda ya zo, a kuma cire alamar da ke loda saitin duk lokacin da aka kunna kwamfuta, don nan mutane ke mantawa. A goge direban katin, wato manhajar da ke sa Windows aiki da shi, da manhajar gogewa ta DDU a sa sabo, a sauya allo da wayar da ke haɗa shi da kwamfuta da na wata kwamfutar mai lafiya. Bayan nan a sa gwajin memori na manhajar OCCT na awa ɗaya, da azahar, lokacin da shagon ya fi ɗaukar zafi. Abu ɗaya za ka sa wa ido: in ɗigen na fitowa tun a hoton farko da ke bayyana kafin Windows ta tashi, to ba manhaja ba ce, katin ya ji rauni ko an taɓa BIOS ɗinsa, wato saitin da kamfani ya dasa a cikin katin kansa. Irin wannan za ka kai wa mai gyara.

Na san wani mai haɗa bidiyon biki a Kawo da ya shiga irin wannan. Bai gwada komai ba, ya sayar da katunansa biyu a farashin bola, ya sayo wasu. Ƙaninsa ya sake ja musu maɓallin nan, wata bai cika ba ɗige ya dawo. Wanda ya sayi tsofaffin kuwa ya mayar da saitinsu, ya kaɗe ƙura, ya sayar da riba. Da mutumin ya koma wurin dillali neman canji, aka ce ya kawo rasit da lambar katin. Babu ko ɗaya. Ya zauna a ofishina yana ta juya hula a hannu, ga bidiyon amarya biyu ba a gama ba.

Batun kirifto kuwa, ka cire shi daga ranka. Tun Satumbar 2022 Ethereum, ɗaya daga cikin manyan kuɗaɗen kirifto, ta daina amfani da haƙa da katin hoto, kuma shi ya sa katuna 'yan gwanjo irin RX 580 suka cika kasuwa, da yawansu sun shekara suna aiki dare da rana da memori a matse. Kai da ke sayen fetur don janareto, me za ka haƙo da zai biya ko man? Bashin da kake son ci zai iya kawo maka irin waɗannan katunan ne, a goge su a sa a kwali.

Ka yi lissafi da kanka. Ƙarin gudun memori bai cika ba da fiye da 'yan kaso kaɗan cikin ɗari ba, yaron da ya biya kuɗin awa ɗaya ba zai ma lura ba. Amma allo ya ɗauke masa ana daf da cin ƙwallo, gobe a shagon maƙwabcinka za ka same shi.

Ban ce ka kori ɗan yayarka ba, da alama yana da kai, kuma da niyyar taimako ya yi. Amma kalmar sirrin da ke ba da damar sa manhaja ta dawo hannunka yau. Ka sayi littafi, kowace kwamfuta da shafinta: sunan kati, lambarsa, inda aka saya, ranar da aka kaɗe ƙura, da duk saitin da aka canza da sa hannun wanda ya canza. In ka gama gwajin, ka turo min abin da kowacce cikin ukun ta nuna, tare da lambobin da ka tarar a Afterburner.