Ya dawo da mota bayan kwana tara, kuma ya riga ya sa mata lamba

"Maigida, mutumin nan da ya sayi Corolla makon jiya ya dawo da ita, ya ce ya fasa, a ba shi kuɗinsa. Ya riga ya yi mata lamba da sunansa. Mu karɓi makulli mu biya shi, ko in nuna masa ƙasan rasit inda aka rubuta ba a mayar da kaya?"

Ɗana, duk biyun babu wanda za mu yi yau. Jawo benci ka zauna.

Na lura tun da ya shigo kake zagaya motar kana neman inda ta ƙuje, amma ba ka tambaye shi abin da ya dawo da shi ba, alhali daga nan ake farawa.

In takarda ce ta dawo da shi, babu dogon zance. Tun 1 ga Janairu 2017 gwamnatin Buhari ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, aka ce sai ta tashar jiragen ruwa, amma 'yan Kwatano ba su daina biyo daji ba. Motar da ta shigo haka, sai a haɗa mata takardar duti ta bogi, ko a ɗauko ta wata motar a liƙa mata. Ranar da kwastam suka tare mutum a hanyar Kaduna suka gwada lambar casis da ta takarda suka ga ba ɗaya ba, mu muka jawo masa, ko da mu ma yaudararmu aka yi. Kuɗinsa cif za mu ba shi, ko kwabo ba a cirewa, sannan mu juya kan wanda ya kawo mana motar. Haka in aka tarar ta sata ce.

In kuwa aibi ya gani, a ce giya tana fizga ko inji na shan baƙin mai, kuma abin tun daga hannunmu ne, kada ka dogara da rubutun nan na ƙasan rasit. Akwai dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke kula da ita, ta ba mai saye wata uku ya mayar da kayan da ya tarar da illa, a gyara masa, ko a sauya, ko a ba shi kuɗinsa. Tun kafin wannan doka ma malamanmu na Malikiyya sun gama maganar: wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibin da ba a faɗa masa ba, yana da zaɓin mayarwa. In kuma wata sabuwar ɓarna ta auku a hannunsa, ko dai ya riƙe a rage masa kuɗin tsohon aibin, ko ya mayar ya biya ɓarnar da ya yi. Shi ya sa kullum nake takura muku ku faɗa wa mai saye cewa an taɓa fenti a ƙofar baya, ko na'urar sanyi ba ta aiki, ku kuma rubuta a takardar ciniki. Abin da ya ji da kunnensa ya sa hannu a kai, ba zai dawo ya kira shi aibi ba.

To amma ina kyautata zaton mutuminka ba ya cikin waɗannan. Ko uwargida ta ce launin bai yi mata ba, ko wata buƙatar kuɗi ta taso. Wannan shi ake kira iƙala, alfarma ce yake nema, kuma akwai lada ga wanda ya yi wa ɗan'uwansa. Ni ina yi, musamman ga wanda na ga matsuwa ce ta kawo shi. Sai dai a mazhabarmu iƙala sabon ciniki ce, wato yanzu shi ne mai sayarwa, mu ne masu saye. Ka riƙe wannan da kyau, domin a ofishin lasisi ma haka abin yake.

Da bai sa lamba ba, da aikin minti goma ne. Motar tana nan a Baljiyam ɗinta, wato wadda aka shigo da ita daga waje ba a hau ta a nan ba, ba ta da wata takarda sai ta kwastam da rasit ɗinmu. Ya miƙo su, mu soke rasit, shi ke nan. Amma yanzu lasisin mota, da shaidar mallaka, da takardar VIO, da inshora, da rajistar CMR ta 'yan sanda in ya yi, duk sunansa ne a jiki. A wajen hukuma motarsa ce ko da tana kwana a filinmu. A kasuwa kuma ta tashi daga Baljiyam ta koma ta hannu, ko da kilomita 200 kawai ta yi. Mai saye na gaba yana hango lamba zai karya tayi, kuma ba ka da bakin musa masa. Wannan faɗuwar farashin a kan wanda ya fasa take, tare da kuɗin da ya kashe wajen rajista, da la'adar dillalin da ya kawo shi, domin dillali ya riga ya cinye tasa, babu mai amayar da ita. Ka gaya masa wannan a fili tun kafin a taɓa biro, kada ya ji daga baya ya ce an cuce shi.

Idan ya yarda, to ya sayar mana a rubuce kamar yadda muka sayar masa. Takardar yarjejeniya mai ɗauke da lambar casis, da lambar inji, da lambar mota, da kuɗin da aka daidaita, da hotonsa, da kwafin katin shaidarsa, da shaidu biyu. A je kotu ya yi takardar rantsuwa cewa ya sallama motar, a karɓo rahoton 'yan sanda, domin da su ake neman canjin mallaka. Takardun kuma na asali nake so a hannuna. In ya kawo maka hoton takarda ya ce na asalin suna gida, ka ce mu ma kuɗin suna banki. Sau da yawa wanda ya kasa fito da na asali, ya riga ya jinginar da su a wani wuri ya ci bashi.

Kuma a rubuta rana da lokacin da ya miƙa makulli, har minti. Na san za ka ce na cika tsanani. Ina ɗan sabon dillali, wani ya dawo mini da Golf bayan mako guda. Mutumin kirki a ido, har sallar La'asar muka yi sahu ɗaya. Na ƙirga masa kuɗinsa, muka yi musabaha, babu ko layi ɗaya a rubuce. Kwana huɗu sai ga 'yan sanda. Ashe a cikin makon nan ya buge mai babur da dare ya gudu, wani kuma ya ɗauki lamba. Mota tana filina, shi ya bar gari, ni kuma ba ni da abin da zan nuna cewa a daren tana hannunsa. Na kwana a bayan kanta, motar ta yi wata biyar a caji ofis tana shan rana har tayoyinta suka tsage. Da takarda guda mai kwanan wata, da a ranar zan koma gida.

Akwai kuma ganganci da wasu abokan sana'armu suke yi: su karɓi mota, su bar takardu da sunan wanda ya mayar, su sayar wa na uku da rasit kawai don gudun kashe kuɗin canjin suna. Bayan shekara mai motar ya je sabunta lasisi, a ce ya kawo mai wannan sunan, shi kuwa bai taɓa ganinsa ba. Wurin wa zai dawo? Wurinka, da fushi da ɗan sanda. Shi ma wanda ya mayar ɗin bai tsira ba, duk laifin da aka yi da motar ƙofarsa za a fara ƙwanƙwasawa. Ka fahimtar da shi haka, za ka ga da ƙafarsa zai riga ka zuwa kotun.

Duba motar kuma aikin bakanike ne, ba na idonka ba. Kwana tara sun isa a zare indomin salansa, wato matatar hayaƙin da ke cikinta, a sa fanko, a canza batir, a musanya birenbos, wato ƙwaƙwalwar motar, a ɗauke safaya da jak. A ɗaga ta a leƙa ƙasa, a sa mata kwamfuta, a gwada lambar casis ta gindin gilashin gaba da ta jikin ƙofa da ta takarda, harafi bayan harafi.

Kuɗi kuwa ta banki, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan da ke kan takarda. Ba na ƙaninsa ba, ba na abokin da ya rako shi ba. Kuma ba za mu tura duka ba sai an gama kotu.

Yanzu tashi ka kai masa ruwa, ya daɗe a tsaye. Ka tambaye shi a hankali abin da ya sa ya fasa, kada ka yi masa alkawarin komai. Ka ce gobe da ƙarfe tara ya zo da takardun asali duka da makulli na biyu, motar kuma ya koma da ita gida yau, ba za ta kwana a nan da sunansa ba.