Tambaya da Amsa: Ɗana ya faɗo daga doki, yanzu ko barga ba ya shiga

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ina da ɗa mai shekara 11 wanda tun yana ƙarami ba shi da zance sai na doki, domin gidanmu gidan hawa ne. Mahaifina ya daɗe yana raka hakiminmu hawan Sallah, ni ma na gaje shi. A Babbar Sallar da ta wuce na ɗora yaron a kan ingarmana don ya ɗan zagaya a ƙofar gida kafin mu fita, sai 'yan bindigar hawan Sallah suka buga a bayan layinmu, dokin ya zabura, yaron ya faɗo. Bai karye ba, ƙurjewa kawai ya yi a gwiwar hannu, amma tun daga ranar ko bakin barga ba ya zuwa. Ƙannena suna kiransa matsoraci, ɗaya daga cikinsu ma ya ce in ɗaure shi a kan sirdi a yi ta yawo da shi har tsoron ya fita. Saura wata uku Ƙaramar Sallah, kuma burina ya hau tare da ni zuwa Ƙofar Soro, wato ƙofar fadar Sarkin Katsina. Ina mafita?

Daga wani uba, Ƙofar Marusa, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya raya maka shi, ya kuma ƙara kiyayewa. Zan fara da shawarar ƙaninka, domin ita ce ta fi gaggawa: kada ka kuskura ka ɗaure yaro a kan sirdi. Idan doki ya yi tuntuɓe ya faɗi, ko ya yi tabarya ya kife ta baya, abin da ke ceton mahayi shi ne ya rabu da dokin kafin nauyinsa ya sauka a kansa, kuma wanda aka ɗaure ba shi da wannan damar. Ko da an gama zagayen lafiya, darasin da yaron zai ɗauka shi ne cewa bayan doki wuri ne da ba a jin kukansa, wanda kuwa shi ne ainihin abin da ya firgita shi tun farko.

Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, amma kuskuren ranar nan ba na yaron ba ne, ba kuma na dokin ba. Ingarman da aka shirya wa hawan Sallah, an yi makonni ana ɗura masa dawa da harawa yana tsaye a turke, ƙarfi ya cika masa jiki, ga hayaniyar gari da kaɗe-kaɗe, ba abin hawan mai koyo ba ne ko da babban mutum ne. Doki dabba ce da Allah ya halitta da gudu a matsayin makaminta na farko. Idan ya ji abin da ya razana shi, ƙafa ce ke fara aiki kafin ido ya tantance. Saboda haka ka zaunar da ɗanka ka gaya masa da bakinka cewa kai ne ka ɗora shi a kan dokin da ya fi ƙarfinsa, kuma kai kanka ka sha faɗuwa, domin na tabbata ka sha. Yaran gidan hawa sukan ɗauka cewa iyayensu da iya hawa aka haife su, shi ya sa faɗuwa ɗaya take zama musu abin kunya mai nauyi fiye da ciwon. Ka kuma tsawata wa ƙannenka. Gori bai taɓa zaunar da kowa daidai a kan sirdi ba, iyakarsa ya sa yaro ya hau jikinsa a sandare don gudun baki, kuma sandararren jiki shi ne ya fi saurin faɗowa.

Maganin yana farawa ne daga ƙasa. Mako ɗaya ko biyu na farko kada ma a ambaci hawa. A bar shi ya riƙa kai wa doki ruwa da dusa, ya zuba harawa, ya goge masa jiki, daga baya ya riƙe ragama ya ja shi zuwa mashaya tare da wani babba a gefensa. A cikin wannan hidimar ce za a koya masa karanta doki. Idanun doki suna gefen kansa ne, yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi, ban da abin da ke daidai bayan gindinsa da abin da ke dab da goshinsa, don haka ta wajen kafaɗa ake tunkararsa, ana yi masa magana, ba a ɓullo masa ta baya. Kunnuwan da suka miƙe gaba alama ce ta cewa wani abu ya ɗauki hankalinsa, waɗanda suka kwanta baya sosai kuwa gargaɗi ne na cizo ko harbi. Yaron da ya iya hango zabura kafin ta zo ya daina ganin doki a matsayin halittar da ke tutsu ba dalili. Rannan da zai ja dabbar da ta ninka shi nauyi sau da yawa, ya tsaya ita ma ta tsaya, ya juya ta bi shi, za ka ga fuskarsa ta canja.

Sai zaɓen abin hawa. Ajiye ingarmanka tukuna, ka nemi aron tsohon doki mai sanyin hali wanda ya sha hawa har ya gaji da mamaki, kuma idan gajere ne ya fi, domin nisan ƙasa yana cikin abin da ke tsorata yaro. Na san a wajenmu ana ganin hawan goɗiya ko ƙuru kamar ragi ne ga namiji, amma wannan lissafin 'yan kallo ne, kuma babu ɗan kallo a filin koyo. Tsohon doki yana yafe kuskuren mai koyo: a fizge shi ya yi haƙuri, a dunguri cikinsa ya yi kamar bai ji ba.

Kayan hawa ma suna da nasu rabon a cikin tsoron yara, kodayake ba a cika lura ba. Sirdin da aka yi wa babban mutum yakan yi wa yaro faɗi, ya riƙa zamewa a cikinsa, ƙafarsa kuma ba ta kai likkafa ba, sai ya koma riƙon ƙwacciyar sirdi da hannu biyu kamar mai nutsewa ya samu reshe. A rage tsawon likkafa daidai ƙafarsa. Hanya mai sauƙi ta aunawa ita ce ya sa yatsunsa a inda igiyar likkafa ta kama sirdi, a miƙe ta a bisa hannunsa, idan gindin likkafar ya taɓa hammatarsa to an kusa daidai. Ya sa takalmi rufaffe mai ɗan dunduniya, ba silifa ba, gaban tafin ƙafa ne kawai a cikin likkafa, diddige a ƙasa, domin babu hatsarin da ya kai mutum ya faɗo ƙafarsa tana maƙale doki yana jansa. A duba majayi, wato maɗaurin sirdi da ke zagaye cikin doki, kafin hawa, a sake dubawa bayan an ɗan taka, domin dawaki da yawa sukan kumbura ciki lokacin ɗauri, daga baya ya saki. Ƙaimi kuwa a cire shi daga zancen gaba ɗaya.

Linzami na fi so mu tsaya a kansa. Linzaminmu na gargajiya mai kaifi ne ƙwarai, an yi shi ne don gwani ya iya tsayar da ingarma cak a tsakiyar sukuwa, irin zamiyar da ake yi a gaban Sarki lokacin jahi. A hannun yaro mai tsoro wannan linzamin masifa ne, domin abin da tsoro ke fara sa mutum shi ne ya matse ƙafafu ya kuma ja linzami da ƙarfi. Matse ƙafa a wurin doki yana nufin “tafi”, jan linzami yana nufin “tsaya”, sai ya zamana an ba shi umarni biyu masu karo da juna tare da ciwo a baki. Daga nan ne zai fara kaɗa kai, ya ja da baya, ko ya ɗaga gaba, yaron ya ƙara firgita ya ƙara ja, haka abin zai yi ta ninkuwa. Saboda haka a kwanakin farko wani babba ya riƙe ragama yana tafe da ƙafa kamar zagi, yaron kuma a ba shi linzami mai sauƙi irin na 'yan ƙwallon dawaki, a bar masa shi sako-sako.

Abu na farko da za a koya masa a kan sirdi shi ne tsayawa da sauka, kafin a yi maganar tafiya. Ya hau, ya zauna minti biyu, ya sauko da kansa, ya sake hawa. Doki ya yi taku biyar, ya tsayar da shi da kansa, ya sake tafiya, ya sake tsayarwa, har sai ya gamsu a ransa cewa duk lokacin da ya so tsayawa dokin zai tsaya, duk lokacin da ya ce zai sauka kuma babu mai hana shi. A ganina a nan ƙarfin hali yake tsirowa, domin abin da ya same shi ranar Sallah shi ne ya ja linzami bai ga an tsaya ba. Idan ka ga ya ɗauke numfashi, kafaɗunsa sun ɗago, ka sa shi magana. Ya karanta addu'ar hawa da ke cikin Suratuz Zukhruf, aya ta 13, da murya a fili, ko ya biya maka haddarsa ta islamiyya. Mai karatu dole ya yi numfashi, idan ya yi numfashi kuma ƙugunsa zai saki ya bi tafiyar doki. Ya riƙa duban gaba ta tsakanin kunnuwan doki, ba ƙasa ba.

Minti 15 zuwa 20 sun isa a rana, da safe ko bayan La'asar, a fili mai yashi inda babu babura da 'yan kallo, kuma a tashi tun yana marmari. Idan tafiya a hankali ta zauna, a sa doguwar igiya mai koyarwa ya tsaya a tsakiya doki yana zagaya shi, sannan a gwada sassarfa kaɗan-kaɗan. Sukuwa ba ta cikin lissafin bana. Ƙarar bindiga da kakaki da tambari kuwa a fara saba masa da su yana tsaye a ƙasa, daga nesa, yana kallon yadda tsohon dokin bai ko ɗaga kai daga harawarsa ba. Kuma ka yi tunani ko kai ne ya dace ka koyar da shi. Sau da yawa yaro ya fi sakin jiki da tsohon ɗan barga, wanda ba ya jin kunyar yin kuskure a gabansa, fiye da mahaifin da yake tsoron ba shi kunya.

Game da Ƙofar Soro, kada ka yi masa alkawari, kada kuma ka ɗora masa wa'adi. Cikin wata ukun nan ɗaya na azumi ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Idan kafin Sallah ya kai ga yana roƙonka da kansa a ƙara masa lokaci a kan doki, to ya hau tsohon dokin, zagi yana riƙe da shi tun daga gida har a dawo, kuma a janye shi gefe kafin a fara jahi. Idan bai kai ba, ya bi tawagarku a ƙasa yana riƙe maka sanda, Babbar Sallah tana nan tafe bayan wata biyu da 'yan kwanaki.

Tambaya: Malam, mijina yana so a hau da ɗanmu mai shekara 6 a hawan Gani na bana, wanda ake yi a nan Daura a watan Maulidi. Na ce a sa masa hular kwano, dangin mijina suka yi mini dariya, wai ba a haɗa rawani da hular 'yan acaɓa. Ko na yi kuskure?

Daga wata uwa, Daura.

Amsa: Hajiya, ba ki yi kuskure ba, kuma tarihi yana bayanki. Mahayan da suka fi kowa jarumta a ƙasar Hausa, wato 'yan lifidi, da kwalkwali suke fita, kuma har yau muna ganinsu da shi a gaban Sarki. A nan maƙwabtanku Katsina, inda ƙwallon dawaki ya kafu tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, kuma ɗansa Sarki Usman Nagogo ya yi suna a wasan har a ƙasashen waje, babu ɗan wasan da ke shiga fili kansa a buɗe, kuma ba a taɓa ce musu matsorata ba. A nemi hular da aka yi don hawan doki, daidai kansa, a ɗaure maɗaurinta a ƙarƙashin haɓa, sannan a naɗa ɗan rawani a bisanta idan ana son ado. Rawani shi kaɗai, komai kaurinsa, ba ya tare bugun kwalta.

Amma hula ba ta isa ba. Ɗan shekara 6 ba shi da ƙarfin hannu ko tsawon ƙafar da zai sarrafa doki a cikin cunkoson Gani, inda dawaki ke gogar juna ga bindiga ga algaita, ga kuma sa'o'i a cikin rana da kaya masu nauyi. Idan lallai sai ya hau, to a kan doki mai sanyi, mutum ɗaya yana riƙe da ragama, wani yana tafe a gefensa kusa da ƙafarsa, a ba shi ruwa akai-akai, a kuma sauke shi da zarar ya ce ya gaji ko ya fara gyangyaɗi. Idan kuma, Allah ya kiyaye, ya faɗo ya bugu a kai, kada a mayar da shi kan sirdi don wai kada tsoro ya kama shi. A lura da shi sosai har kwana biyu, idan aka ga amai, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko barcin da ya wuce ƙa'ida, ko ruɗewar magana, a garzaya da shi asibiti nan take. Wanda ya suma kuwa, ko na ɗan lokaci ne, ba a jiran wata alama, kuma idan yana kukan wuya ko baya, kada a ɗaga shi a kafaɗa, a bar shi a miƙe a kan abu mai ƙarfi har a isa wurin likita.