Hukuncin sayen shinkafar agajin ambaliya da biyan kuɗi kafin a sa sunanka a lista

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni ɗan kasuwa ne a wani gari gefen kogin Logone, ruwan 2024 ya karya dig, wato katangar tare ruwa, ya cinye unguwarmu, ɗakuna biyu suka faɗi min, iyali muka kwashe muka koma lakwal, wato makaranta. Kayan agaji sun zo, shinkafa da tabarmi da barguna da tampol, aka zuba a magazan, wato ɗakin ajiya, amma wanda ke rubuta lista yace sai na bada sefa dubu 2 kafin sunana ya shiga, na bayar. Daga baya wani ma'aikaci ya kawo min buhu 4 na irin shinkafar nan da dare a rabin kuɗi, an juye su a wani buhun, na saya na sayar da biyu. Malam ai nima ruwan ya ci ni, ko akwai laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya mayar maka da alheri ɗan'uwa. Abubuwa biyu ka haɗa kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Na lista ya fi sauƙi. Annabi (SAW) ya la'anci mai bada rashawa da mai karɓa, hadisin Abdullahi bn Amr ne wurin Abu Dawud da Tirmizi. Sai dai mafi yawan malamai sun ce wanda aka danne masa hakkinsa kuma babu wata hanya sai ya biya, zunubin na kan mai karɓa. Shaukani bai yarda da wannan togaciyar ba, amma ni ina tare da jamhuru a irin halinka, gidanka ya faɗi da gaske, yara na kwana a aji. Sharaɗi dai kar kuɗinka ya zama shi ya sa aka goge sunan wani aka sa naka, in haka ne toh ba hakkinka ka karɓa ba.

Shinkafar kuwa haramun ce, kuma kai kanka ka bada hujjar da bakinka, da dare aka kawo, rabin kuɗi, an canja buhu. Wane ɗan kasuwa ne bai san abin da wannan ke nufi ba? Ma'aikacin nan ba shi ya mallaki kayan ba, amana aka ɗora masa, kuma cinikin abin da mutum bai mallaka ba baya ƙulluwa, wanda ya saya yana sane shima ya shiga cikin lamunin. Allah yace a Ali Imrana aya ta 161 duk wanda ya yi gululu, wato ha'incin ɓoye wani abu daga dukiyar jama'a, zai zo da abin da ya ɓoye ranar kiyama. Muslim ya ruwaito daga Adiyyu bn Amira cewa wanda aka sa aiki ya ɓoye ko allura ce, gululu ne. Sannan ga Mid'am, bawan da ke yiwa Annabi (SAW) hidima, kibiya ta same shi bayan Khaibara mutane suna ta cewa ya dace da aljanna, Annabi yace a'a, mayafin da ya ɗauka kafin a raba ganima yana ci masa da wuta. Mayafi ɗaya fa, kuma ganima ce ta mutane da yawa, toh ina ga buhun da aka rubuta shi saboda wata tsohuwa da geronta ya ruɓe a rumbu.

Maganar "nima ruwan ya ci ni" ita ce na fi jin tsoro don ita kowa ke kamawa, mai lista yace nima, kansila yace nima, direban da ya ɗauko kayan yace nima. Ruwan ya baka hakkin kasonka ne kawai, kuma ka karɓa. Buhu huɗun nan kason wasu ne. Kuma ba yunwa ta sa ka ba tunda har biyu ka sayar, ballantana a kawo zancen larura.

Wannan cutar ba mu kaɗai ba ne. A Amurka guguwar Katrina ta afkawa New Orleans a watan Agusta 2005, katangun tare ruwa suka fashe kusan kashi 80 cikin 100 na birnin ya nutse, magajin garin na lokacin Ray Nagin kotu ta same shi da laifin cin hanci daga 'yan kwangila a 2014, aka yanke masa shekara 10, cikin abin da ya karɓa har da lodin dutsen giranit da aka kaiwa kamfanin iyalinsa kyauta. Irin abin da Ibnul Lutbiyya ya zo da shi ne sak, mutumin da Annabi (SAW) ya aika karɓar zakka ya dawo yace wannan naku wannan kuma kyauta aka bani, Annabi (SAW) ya hau mumbari yace me zai hana ya zauna gidan uwarsa da ubansa ya gani ko za a kawo masa kyautar. Abin da ke bani haushi a namu shine kuɗin gyaran dig da magudanan ruwa ma haka ake musu, a zuba 'yar ƙasa a ɗauki hoto, damina ta dawo ta kwashe.

Yanzu abin yi. Ka tuba, buhu biyun da suka rage ka fitar da su, biyun da ka sayar kuma ka sayi kwatankwacinsu ka haɗa, ribar ma kar ka riƙe. Kar ka mayarwa wanda ya sayar maka don zai sake kaiwa wani ne. In an san gidajen da aka hana kasonsu su zaka kaiwa, in ba a sani ba ka nemi liman da bulama ko lawan ɗin unguwa in amintacce ne, ku duba waɗanda ruwan ya rusa kuma basu samu komai ba, ka basu da niyyar sauke hakki ba sadakarka ba. Kuɗinka kuma wurin ma'aikacin zaka bi. In zaka iya kai ƙara ba tare da an cutar da kai ba ka kai, akwai sufurefe, wato jami'in gwamnati mai kula da gunduma, akwai CONAC hukumar yaƙi da cin hanci ta Kamaru, kuma wannan ba giba ba ce, zai fi kyau ku tafi ku da yawa da sunayen waɗanda aka tsallake a rubuce. Wallahu a'alam.