Tambaya da Amsa: Zan iya ratsa Dartmoor ni kaɗai a watan Disamba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Karatu nake a Plymouth, hutun Disamba ya kusa kuma kowa zai watse, shi ne nake so in ɗau jakata in je in ratsa Dartmoor da ƙafa ni kaɗai, kaina ya huta. Abokina yace ganganci ne, wai haka ne? — Wani ɗalibi, Ingila

AMSA: Wa'alaikumussalam ƙanina. Ba zan ce kar ka je ba, shirun wajen nan yana wanke zuciya. Amma kalmar "ratsa" ɗin ce ta tsaya min a rai.

Kaga Dartmoor, nan kusa da Plymouth a kudu maso yammacin Ingila, fili ne fetal a kan tudu, mafi yawansa babu bishiya babu gida, sai gajeriyar ciyawa da duwatsu da taɓo. Tudun da ya fi tsayi, High Willhays, mita 621 ne kawai, shi yasa mutane ke raina wajen. Toh ba tsayin ke kama mutum ba, hazo ne. Ana zaune ƙalau zai sauko ka kasa ganin taku goma a gabanka, kuma ko'ina iri ɗaya, ka yi ta zagaye waje guda kana zaton gaba kake yi, ga rana tana faɗuwa tun wajen ƙarfe 4, ga ruwa ga iska. Da zarar kayanka sun jiƙe iska ta buge ka, zafin jiki zai fara sauka, in ya yi ƙasa da digiri 35 tunani ne ke fara rikicewa, kai kanka ba za ka sani ba. Nan ne kaɗaicin yake da haɗari, babu mai kallonka yace kai maganarka ta canza, mu juya.

Don haka a karon farko ka zaɓi gajeriyar hanya wadda za ta dawo da kai inda ka fara, ka fita da sassafe, ka yanke lokacin juyawa tun kana gida, ko ka kai ko ba ka kai ba. Ka faɗa wa abokin nan naka hanyar da lokacin dawowa, shi ne zai nemo taimako in ya ji shiru.

Jins da kayan auduga ka bar su, suna riƙe ruwa. Rigar ruwa da wandonta, takalmi mai rufe idon sawu, hula, safar hannu, tocila, abinci, abin sha mai zafi a filas. Waya kuwa sanyi na cinye batir kuma sabis ba ko'ina ba, ka sayi taswirar Ordnance Survey (hukumar zana taswira ta Birtaniya) mai lamba OL28 da kamfas, ka koya kafin ranar dan Allah. In ka ga waje kore shar yana sheƙi, taɓo ne, zagaye shi. Rafi ya cika kar ka tsallaka.

A arewacin filin sojoji na atisayen harbi, alamar ana harbi ita ce jar tuta da rana jar fitila da dare, ka duba jadawalinsu tukuna.

In abu ya ɓaci kira 999, ka nemi 'yan sanda kace masu ceto na kan tsauni kake so. Babu sabis? Busa usur sau 6, jira minti ɗaya, ka sake. Allah ya tsare, ka rubuto mana in ka dawo.